Macijin da Muke Binnewa a Bangon Ɗakunanmu

Babu yaron da ya tashi a Daura bai ji labarin rijiyar Kusugu ba, da macijin nan Sarki wanda ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sauka da dare ya sare kansa. Kakanninmu sun san inda macijinsu yake kwance, sun san ranar kusantarsa. Mu kuwa jikokinsu da kuɗinmu muke sayo namu, mu binne shi a bangon ɗakin da 'ya'yanmu ke barci, mu yaɓe da siminti, mu bi da fenti. Wayar lantarki nake nufi, wadda aka ja da ganganci ko da ha'inci.

Muna yara, a zamanin NEPA da aka kafa a 1972, akwai wani dattijo mai aikin wuta a unguwarmu. Har yau ina ganinsa a idon zuci, testa a aljihun gaba, filaya a hannu. Kafin ya taɓa komai sai ya zare fis, sannan ya sake gwadawa da testa. In zai ɗaura makunni, sai ya feƙe bakin wayar daidai gwargwado, ya cusa ta, ya ɗaure sukurun tamau, ya ɗan fizga don ya ji ko za ta kuɓuce. Jar waya ita ce mai wuta, ita yake kaiwa makunni. Baƙa ta wuce zuwa fitila, koriya kuwa ta ƙasa ce. Yaronsa sai ya shekara uku yana ɗaukar tsani da miƙa kayan aiki kafin a bar shi ya haɗa ɗaki shi kaɗai. Yau yaro zai yi wata biyu a bayan oga, ya sayi sukundireba, gobe ka ji ana kiransa injiniya.

Abin tsoro a wannan sana'a shi ne aikin ƙwarai da na banza kamarsu ɗaya a ido. Ko a kan waya mai wuta aka sa makunni, ko a kan wadda ke mayar da ita, in ka danna fitila za ta kama, in ka sake dannawa ta mutu. Amma idan aka sa shi a ta biyun, fitilar ce kawai ta mutu, wuta mai ƙarfin bolt 230 tana nan laɓe a mazaunin ƙwan, tana jiran yatsan da zai zo canza shi. Haka siririyar waya da aka ɗora wa hita da dutsen guga: tana ɗumi a ɓoye, robarta na narkewa sannu a hankali, har daren da iskar hunturu za ta kaɗa ta tarar da silin a bushe. Masu sana'a sun sani, wayar 1.5 ta fitilu ce, soket kuwa sai 2.5. Sani bai ƙare a cikinmu ba, tsoron Allah ne ya yi ƙaranci.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka bari in fara da nawa. Da zan ƙara ɗakuna biyu a gidana, wani ƙwararre ya rubuto mini kayan da za a saya. Na ga kuɗin da yawa, na nemo wanda zai yi da rabi. Ban tambaye shi wa ya koya masa ba, ban duba wayar da ya sayo ba. Bayan watanni ɗana ya kashe makunni, ya taka kujera zai canza ƙwai, wuta ta fizge shi ta yar. Allah Ya kiyaye, amma da aka buɗe akwatin makunnin, sai ga wayoyi an murɗe su da hannu an naɗe da leda. Na so in tsine wa yaron da ya yi aikin, sai na tuna ni na taya aikinsa da farashin da gaskiya ba ta isa ta yi shi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mun saba komai ya faru mu ce 'yan NEPA ne, ko da yake tun 2013 rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO. To, amma nauyin kamfani a bakin mita ya tsaya. Abin da ke bayanta namu ne: maigidan da ya fifita tayil a kan waya, ɗan kasuwar da ke sayar da wadda aka rage wa jan ƙarfe, ogan da ya yaye yaro bai nuna ba, da maƙwabcin da ya ga an maye gurbin fis da guntuwar waya ya kau da kai. Da, dattijon unguwa kan tsawatar wa ɗan kowa. Yau kowa ya kama bakinsa, an manta cewa gobara ba ta san katanga ba.

'Yan'uwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA mai ba masu aikin wuta shaidar ƙwarewa, kuma tambayar mutum takardarsa ba cin fuska ba ne. Mu biya ma'aikaci haƙƙinsa cikakke, sannan mu tsaya a kansa kafin a rufe bango. Makunnin da ke zafi, ko yake ƙara, ko ya yi baƙi, a kashe layinsa a kira masani tun da rana. Mu da muka tura 'ya'yanmu koyon sana'a, mu daina gaggauta su fara kawo kuɗi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ya ku 'ya'yana masu filaya da testa, abin da kuka rufe a bango amana ce. Maigida ba zai gani ba, amma akwai Mai gani, kuma a ƙarƙashin aikin hannunku jariri zai kwana. Bayajidda ba zai dawo ya kashe mana wannan macijin ba. Mu muka binne shi, mu za mu tono shi, kowa ya fara daga ɗakinsa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, Ya mayar mana da kunya da riƙon amana.