Kafin Ka Hura Usur a Manchok

Ɗana, kai da aka damƙa wa yara masu gudun dogon zango a Manchok, zauna mu yi magana. Na san abin da ke ranka. Kana ganin 'yan Filato, musamman na wajen Pankshin, su ke kwashe kyaututtukan 'yan gida a gudun famfalaƙi na Legas da aka fara a 2016. Kana cewa iyakarmu ɗaya da su, da ka hau Ganawuri ka shiga ƙasarsu, ga kuma duwatsun Kagoro kusa da mu, me zai hana namu? Babu abin da zai hana su. Amma ka tuna yaran nan amana ne a hannunka.

Fara da jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana iya gudu har ya yi fice. Sai dai in zafin rana da ƙishirwa da gudu mai tsanani suka haɗu masa, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, ya yanke jiki ya faɗi, kai kuwa ka ɗauka ragwanci ne ka daka masa tsawa. Kai yaran asibiti, ko nan ko Kafanchan, a yi musu gwajin jinotayif, a auna jini, likita ya saurari zuciya. Tambayi kowane yaro ko ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana cikin gudu, ko an taɓa samun matashi a danginsu da ya rasu farat ɗaya. Ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji yana da shekara 25 ya faɗi a filin wasa na Surulere ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasa da Angola, zuciya ce ta ɗauke shi. Jama'a dai ƙato mai ƙarfi suke gani.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne zazzaɓi. Daminarmu doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba sauro na cin karensa ba babbaka. Yaron da ya ƙwallafa rai a kan gasa ba zai faɗa maka ya kwana da masassara ba. Cewa zai yi, "Koci, na ji sauƙi." Kada ka yarda. Zazzaɓin cizon sauro fasa ƙwayoyin jini yake yi, su ne kuwa masu kai iska ga tsoka. Wasu zazzaɓin kuma kan taɓa naman zuciya in aka yi gudu da su. Taɓa goshinsa, ƙirga bugun zuciyarsa. In ya haura yadda ka saba ji, tura shi gwaji, ya shanye maganinsa duka, ya huta, sannan ya dawo sannu a hankali. Zai yi fushi, wataƙila har da kuka. Ka daure, ɗana, gasa ba ta ƙarewa.

Ka sa ido a kan kemis. Maganin kashe ciwo irin su diclofenac a jikin da ruwa ya ƙare illa ne ga ƙoda. Tiramol kuwa, ban da ɓata yaro, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a gasa tun Janairun 2024.

Wajen atisaye kuma, yaran su fita da asuba, musamman a bazara, da gorar ruwa. Su bi hanyar ƙasa, su rage kwalta. A Iten ta ƙasar Kenya ma galibin atisayen zakaru a kan jar ƙasa ake yi, yawancinsa kuma gudu ne mai sauƙi. Ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Ciwon ƙwauri da ya tsaya wuri ɗaya na iya zama tsagewar ƙashi. Acca da wake da gyaɗa da zogale da ƙwai duk muna da su, kada yaro ya yi gudu da yunwa. 'Yan mata kuma a samo musu wata malama da za su iya gaya wa in al'adarsu ta ɗauke, don alama ce abinci bai kai wahalar ba.

Sayi littafi, ba kowane yaro shafinsa: jininsa, bugun zuciyarsa, ranar da ya yi zazzaɓi, lambar wayar iyayensa. Wanda shafinsa bai cika ba, kada ka hura masa usur.