Gumbar Arba'in: Wa Ya Kamata Ya Zuba Hatsin?

Ran jajibirin sadakar arba'in turmi ba ya hutawa a gidan da aka yi rashi. Mata su surfe gero, su wanke, su bar shi ya tsane, su kirɓa har ya yi laushi, a zuba sukari, a dunƙula. Gumba ke nan, ba ta ganin wuta. Can gefe wata na gaban tanda, tana ɗiga mai a gurbi-gurbi, tana juya masa da tsinke. Da hantsi malamai su yi addu'a, a shafa, yara da almajirai su miƙo hannu. Daga Gazawa zuwa Agye har Gidan Rumji, haka aka gada ranar uku, ranar bakwai da ranar arba'in.

Yau kuwa ba kowa ke karɓa ba. Tun da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta ƙetaro iyaka ta yi ƙarfi a jihar Maraɗi, ana samun gidan da wa ke cewa a yi, ƙane na cewa bidi'a ce. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar tsohuwa ce: me mai rai zai iya aika wa wanda ke kabari?

Ba Bahaushe kaɗai ya yi ta ba. A Biyetnam, lokacin bikin sabuwar shekara na Tet, iyali kan kwana gaban tukunya suna dafa banh chung, dunƙulen shinkafa mai danƙo da wake da nama, mai kusurwa huɗu, a naɗe cikin ganye. In ya nuna sai a ɗora shi kan teburin kakanni, a gayyato su su yi biki da jikokinsu. A ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi ma, Anna, masu bin addinin gargajiya, sun daɗe suna miƙa wa iskoki yanka da abin gero. Musulmin Gazawa bai ce mamaci zai ci gumba ba. Cewa yake Allah ya kai lada kabarinsa, kuma yana da madogara: Buhari ya ruwaito cewa mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ba ya nan, ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko sadaka a madadinta za ta amfane ta, aka ce masa ƙwarai, sai ya ba da gonarsa.

To ina matsalar? Masu hani na cewa ba a san ƙayyade uku da bakwai da arba'in ba a zamanin sahabbai. Suna kuma kawo labarin Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, wanda ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira: Annabi ya umarta a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Wannan hujja ita ta fi nauyi, ko da mutum ba ɗan Izala ba ne. A sunna ƙwaryar abinci shiga gidan makoki take yi. A yawancin garuruwanmu fita take yi.

Mutuwa ba ta jiran kaka. In magidanci ya rasu cikin Yuli ko Agusta, rumbu ya kusa ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada, kamar yadda mutanen yankin suka ɗanɗana a yunwar 2005. Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta fita kasuwa, ita za ta ga an kwance damin da ya rage, ko an ja akuya zuwa kasuwa, don kada a ce gidan wane ba su yi sadaka ba. Wannan hatsi kuwa ya riga ya zama gadon marayu, kuma aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani kan cin dukiyarsu. Abin takaici ne a nemo wa uba lada da abincin 'ya'yansa.

Duk da haka, wanda ya ce a kife turmin gaba ɗaya ya yi gaggawa. Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin Hausawan kwarin Maraɗi, ya yi littafi guda a 1986 kan kyauta da ciniki, ya nuna yadda gudummawar biki ke ɗaure gida da gida. Ranar gumba ce ke tara 'yan uwa daga ƙauyuka masu nisa, ita ke hana mai takaba zama ita kaɗai, kuma almajirin da ya samu dunƙule biyu ya karya kumallo da gaske.

Gyaran bai buƙaci doguwar muhawara ba. Maƙwabta da dangi su zo da tiyoyinsu, a bar rumbun marayu a rufe har a raba gado, a fara da masu yunwa kafin manyan baƙi. Ɗan da ke ci-rani a Kano ko Agadas, in ya aiko da kuɗin sadakar mahaifinsa ran ashirin ko bayan shekara, a yi ta a ranar da kuɗin suka iso.