Dillalin da Ya Ɓoye Sunansa Amma Bai Rufe Idonsa Ba

An haifi Zev Wolfson a birnin Vilna a 1928. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukumomin Sobiyet suka kwashe shi da iyalinsu zuwa Saiberiya, inda mahaifinsa ya rasu ya bar shi yana yaro. Ya sauka a New York bayan yaƙin ba shi da ko anini, ya kama dillancin filaye da gine-ginen kasuwanci, har ya kai ga gina dogon benen ofisoshin nan na One State Street Plaza a kudancin Manhattan. Kafin rasuwarsa a 2012 ya zuba dukiya mai yawa a makarantun addinin Yahudu da ayyukan karantar da matasa a Amurka, Isra'ila, Faransa da ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Waɗanda suka yi hulɗa da shi sun shaide shi da hali biyu: ba ya son a ambaci sunansa, kuma ba ya sakin kuɗi sai ya ji lissafi. Ɗalibai nawa aka samu, wa zai kawo nasa kason, me kuɗin bara suka haifar. Ana iya ganin halayen nan sun ci karo da juna, tunda wanda ya ba da don Allah ai ya kamata ya kau da kai. A ganina ba su ci karo ba, na biyun ma shi ke tabbatar da gaskiyar na farkon.

Hujjata daga cikin addinin mutumin take. Musa bin Maimun, malamin Yahudawa da aka haifa a Kurduba ya rasu a Masar a 1204, ya jera matakan kyauta takwas a littafinsa Mishneh Torah. Mataki mafi girma shi ne a ba mutum rance, ko a haɗa jari da shi, ko a samar masa aiki, yadda ba zai sake miƙa hannu ba. Na biyu shi ne mai bayarwa bai san mai karɓa ba, shi ma mai karɓa bai san shi ba. Amma a nan wurin malamin ya gindaya sharaɗi: kada mutum ya jefa kuɗinsa a asusun jama'a sai ya tabbatar mai riƙon asusun amintacce ne, mai hankali, wanda ya iya tafiyar da shi. Ashe ɓoyewar da ake nema ta kare mutuncin mabuƙaci ce da tsarkake niyyar mai bayarwa. Ba a taɓa yin ta don mai riƙon amana ya sake jiki ba. Wanda burinsa suna ne, da an yanka kirtani an ɗauki hoto ya gama samun abin da ya biya, ko makaranta ta tsaya ko ta rushe. Wanda ya hana kansa suna kuwa ba abin da ya rage masa sai aikin, dole ya tambayi halin da aikin ke ciki.

Za a ce lissafi yana mayar da mutum lamba, kuma akwai gaskiya a ciki. Ana ƙirga kujerun aji, amma ba a auna abin da ya shiga zuciyar yaro. Malamin da ya san da yawan kai ake biyansa zai iya tara taro ya bar tarbiyya. Wannan illa ce ta mugun awo, maganinta kuma gyara ma'auni, domin inda ba a tambaya sam, ba mai rauni ke cin riba ba, mai iya baki ne. Dillalin da ya daɗe a kasuwa ya san gini mai kyan fuska da ruɓaɓɓen tushe, kuma ban ga dalilin da zai sa ya ajiye wannan ido a ofis ranar da ya fito yin alheri ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi daban ne. Attajirin da ke riƙe da makarantu masu yawa, yana gindaya sharaɗi, sunansa kuma a ɓoye, yana juya al'umma ba tare da al'umma ta san wa za ta tuhuma ba. Shi yana neman lissafi a wurin kowa, wa ke neman nasa? A nan ba zan wanke Wolfson ko waninsa gaba ɗaya ba. Gudun yabo ibada ce, amma gudun bincike ba ya cikinta, kuma sharaɗin Musa bin Maimun yana hawa kan attajiri da zarar ya zama mai yanke wa dubban yara irin karatun da za su yi. Dokar Amurka ta toshe wani ɓangare na wannan ƙofa: gidauniya mai zaman kanta tana miƙa bayanan kuɗinta ga hukumar haraji duk shekara, kowa na iya dubawa, kuma wajibi ne ta fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarta. Sai dai takardar haraji tana nuna inda kuɗi suka je ne kawai. Ba ta nuna ko an tambayi iyayen yaran da shugabannin makarantun kafin a tsara musu hanya, kuma wannan tambaya ta rage a wuyan mai bayarwa.