Hukuncin Datse Rassan Itatuwa Masu 'Ya'ya a Shari'ar Yahudawa

Tushen wannan mas'ala yana cikin Attaura, a littafin Kubawar Shari'a, sura ta 20, aya ta 19 da ta 20, inda aka hana rundunar da ta kewaye gari da yaƙi sare itatuwan da ake cin 'ya'yansu. Daga nan malaman Yahudawa suka fitar da ƙa'idar da suke kira bal tashhit, wato hana ɓarna, domin a ganinsu abin da aka haramta a lokacin yaƙi ya fi cancantar haramci a lokacin zaman lafiya. Talmud, kundin muhawarorin malaman farko, ya yi wa hanin iyaka a littafin Baba Kamma: ba a sare dabinon da yake ba da kab ɗaya, wani ƙaramin mudu, shi kuwa zaitun saboda darajarsa rubu'in kab ya ishe shi kariya. A nan ne kuma aka ruwaito Rabbi Hanina yana danganta mutuwar ɗansa da sare ɓaure kafin lokacinsa, ruwayar da ta sa mutane suke tsoron abin fiye da yadda hukuncin kansa ya buƙata.

Sai dai ayar ta yi magana ne a kan bishiya sukutum, shi ya sa aka yi saɓani game da reshe. Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya bayyana a littafinsa Mishne Tora cewa sara ta hanyar ɓarna kaɗai aka haramta, saboda haka ya halatta a cire bishiyar da take cutar da wasu itatuwa ko gonar maƙwabci. Yahuda Rosanes, malamin Istanbul da ya rasu a 1727, yana ganin datse reshe bai shiga hanin ba muddin bishiyar za ta rayu. Wasu suka tsananta idan babu wata buƙata. Amma datse rassan da manomi yake yi don bishiya ta ƙara ƙarfi da 'ya'ya, wannan gyara ne a wurin kusan kowa.

Inda al'amarin ya fi jan hankali shi ne shemita, shekara ta bakwai da ake hutar da ƙasar Isra'ila daga noma, wadda ta ƙarshe ta faɗo a 2021 zuwa 2022. Littafin Firistoci, sura ta 25, ya hana datse rassan kurangar inabi a cikinta, kuma dalilin hanin shi ne ainihin dalilin halaccin a sauran shekaru: aikin yana amfanar bishiya, ya zama noma ke nan. Don haka Talmud ya raba aikin da yake tsare ran bishiya da wanda yake ƙara mata albarka, ya yarda da na farko ya hana na biyu, kuma da wannan ma'auni ake yanke hukuncin reshen da cuta ta kama a tsakiyar shekarar hutu.