Nasihar Juma'a: Kafin A Ɗaure Kaya



Kwanan nan magidanta da dama na zuwa neman addu'a, sun samu aiki a Saudiyya, Katar ko Ingila. Muna taya su murna. Mu nan Sabo mun san tafiya, don fataucin goro da shanu ne ya kawo kakanninmu Ibadan. Amma akwai abin da ke damunmu: mutum ya samu biza, ya yanki tikiti, sannan maiɗakinsa ta ji labari a bakin maƙwabta. Haba Malam!

Iyali amana ne, kuma za a tambaye mu a kansu gobe ƙiyama. A fara da istihara, a zauna da uwargida a yi shawara, a nemi albarkar iyaye. In tana da juna biyu, a ga likita da wuri, domin yawancin jirage ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36. Jariri ma sai da nasa fasfo, saboda haka a nemi takardar haihuwa da lambar NIN tun yanzu. A bincika ko akwai masallaci da islamiyya kusa da masauki. Yaron da ya kai izu biyar a nan, kada ya je can karatu ya zube.

A biya bashi, a rubuta wasiyya. Wanda zai yi gaba shi kaɗai, ya bar abinci da kuɗin haya, ya kuma sanar da kwamiti don mu riƙa leƙa gidan.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa arziki ne ya kira. Amin.

Sakataren Masallaci