Tona Aibi: Cin Fuska Ne Ko Taimako?

An raine mu a kan cewa rufin asiri mutunci ne, kuma yaro ba ya nuna wa babba kuskurensa a bainar jama'a. To, yaya za mu yi da aikin da gaba ɗayansa neman kuskuren wasu ne, kuma ƙofarsa a buɗe take ga sabon shiga?

Mu ɗauki Piglit. Tarin gwaje-gwaje ne da ake auna manhajojin zane da su, musamman Mesa, wadda Brian Paul ya fara a 1993, kuma ita ke fitar da hotuna a allon kwamfutoci da dama masu amfani da Linux. Kowa na iya sauke Piglit kyauta, ya karanta abin da ke ciki, ya miƙa nasa gwajin. Wani gwajin ɗan ƙarami ne: a umarci kwamfuta ta zana murabba'i kore, sannan a duba launin da ya fito. In kore ne, an ci. In wani launi ne, an faɗi.

Ke nan gudummawar ɗan koyo ta farko tana iya zama hujjar cewa aikin wani gwani yana da tangarɗa. Shin ya yi rashin kunya?

A ganinmu, a'a. Asirin da ya cancanci rufi shi ne wanda cutarsa ta tsaya kan mai shi. Tangarɗar manhaja kuwa kan dubban mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba take faɗawa. Wanda ya gani ya yi shiru, ya kare mutum ɗaya ne ya bar jama'a da wahala. Kuma gwaji ba gulma ba ne: ba ya kiran sunan kowa, kowa na iya maimaita shi ya gani da idonsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Inda ɗan koyo zai ji tsoro daban ne: ya rubuta gwajin da kullum ke cewa an ci, ko da manhajar ta lalace. Wannan shaidar zur ce, ta fi rashin gwaji muni, domin tana sa masu gyara su saki jiki. Shi ya sa Piglit ke da sakamakon "an tsallake", ga kwamfutar da ba ta da abin da gwajin ke bukata. Faɗin "ban auna ba" ya fi faɗin "lafiya lau" ba tare da dubawa ba.

Ƙwarewa za ta zo da lokaci. Abin da ake nema gare mu tun ranar farko shi ne mu faɗi iyakar abin da muka gani.