An Saki Farashi, Kada Mu Saki Amana: Nasiha ga Mutanen Bagudo da Bakin Iyaka

Ya ku 'yan uwana na Bagudo da Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje da Zagga, da danginmu na ƙetare a Segbana da Malanbil, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da hukuma ta ce a bar kasuwa ta yi halinta, kowa ya san abin da ya tashi: fetur, taki, kuɗin mota, kuɗin magani. Wanda ba a cika magana a kansa ba shi ne abin da ya faɗi, wato kunya da tausayi da riƙon amana. Tsada jarrabawa ce da aka jefa mu a ciki ba da shawararmu ba. Lalacewar hali kuwa da hannunmu muke yin ta, kuma mu za a tambaya.

Ba yau muka san ciniki ba. Tun kafin Ingila da Faransa su zauna a 1898 su ja layin da ya raba ƙasar Bargu gida biyu, ayarin fatake na ƙetare kogin Kwara ta wajen Illo da Gaya, su ratsa Bargu har Gwanja, su kai kanwa da tufafi, su dawo da goro. Tafiyar watanni ce, babu banki, babu takardar yarjejeniya. Madugu na ɗauke da rayuka da dukiyar ayari a wuyansa. Mai masauki na ajiye kayan baƙo, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan ciniki na bashi ne. Dillalin da aka kama da ha'inci sau ɗaya, labarinsa kan riga shi isa zango na gaba. Mutanen nan riba suka fita nema, kuma sun same ta, amma sun san akwai ribar da mutum mai mutunci ba ya ci.

Manufar sakar wa kasuwa mara ta shigo mana da ƙarfi a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin SAP bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka fara zame hannu daga tallafi. Daga nan aka yi ta kai gwauro ana kai mari. A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Jihar Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, noman shinkafa ya bunƙasa, har Kebbi da Legas suka fito da shinkafar Lake Rice a 2016. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa don tare shinkafa 'yar waje da ke sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano, a Nuwamban shekarar kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Sai ga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, bayan makonni kaɗan kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa.

Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, kuɗin ba su isa sayen buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50 ba a kasuwanni da yawa. Masu kare manufar na cewa tallafin na zurarewa ƙetare, kuma mu mutanen iyaka ba za mu ƙaryata su ba, domin a gabanmu jarkoki ke wucewa. Sai dai waɗanda suka yi kuɗi da tallafin ba su ne suka ɗauki nauyin janye shi ba.

Wanda ya ɗauki nauyin shi ne manomin rani a fadamar Kwara. Injinsa na ban ruwa fetur yake sha, kuma shinkafa ba ta jiran farashi ya sauka. Za ka gan shi da asuba riƙe da galan, yana ciniki da ɗan bumburutu, yana lissafin ko ya shayar da gonar duka rabin sha, ko ya ƙyale gefe guda ya bushe. Mai hali ya koma injin gas ko na hasken rana, maras hali ya ci bashi. Da ya jure ya kai ga girbi, sai gwamnati ta sanar a Yulin 2024 cewa ta ɗage harajin shigo da shinkafa da masara da alkama da wake na kwana 150. Mai saye a birni ya ɗan numfasa, amma farashin shanshera ya karye a hannun wanda ya noma ta da taki mai tsada. Ya saye da tsada, ya sayar da araha. A bayansa kuma akwai ɗan ƙwadago da mace mai turara shinkafa da mai kwale-kwale da ɗan dako, waɗanda dukansu daga aljihunsa suke ci.

Har nan laifin na manufa ne. Daga nan kuwa namu ne, kuma dole a faɗa.

Ku shiga kasuwa ku dubi mudu. Akwai mai awon da ke da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, wani ma an bubbuge gindinsa ya shige ciki. Akwai mai zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiyar buhu ya rufe da tsaba mai kyau a sama. Akwai mai gauraya fetur da abin da ba fetur ba, ya sayar wa maƙwabcinsa, injin ya ƙone a tsakiyar rani. A da idan aka kama mutum da irin wannan, kwana yake yi bai fito ƙofar gida ba. Yau sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kowa ma haka yake yi, zamani ne." Akwai sura guda a Alƙur'ani da aka saukar kan masu tauye mudu, yaranmu na haddace ta a makarantar allo, amma iyayensu na taka ta a rumfar kasuwa.

Ku dubi bashi. Mai kuɗi kan ba manomi taki ko fetur da sharaɗin a biya shi da buhunan shanshera ranar girbi, a farashin da shi ya yanka tun kafin a shuka. Manomi ya yi wata huɗu cikin ruwa da sauro, mai bashi ya zo da mota ya kwashe. Ko wane suna aka sa masa, cin guminsa ne. Su ma masu karɓar bashi ba su tsira ba: da yawa sun ɗauki bashin manoma na gwamnati a matsayin ganima, har da waɗanda ko taƙi ɗaya ba su noma ba, suka ƙi biya, suka toshe ƙofar ga na bayansu.

Ku dubi hatsi. Da naira ta faɗi, jakar sefa ɗaya ta haura naira 2,000, mai sefa ya zama sarki a kasuwanninmu. Sayar wa ɗan Benin ko ɗan Nijar ba laifi ba ne, 'yan uwanmu ne, auratayya ta haɗa mu tun kafin a ja layi. Laifin shi ne mutum ya cika ɗaki da gero da masara ya kulle, yana jiran yunwa ta yi masa ciniki, alhali a bayan katangarsa akwai gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Gayya ta ja baya, domin kowa na tambayar nawa za a ba shi. Ciyayya tsakanin maƙwabta ta ragu. Zakkar hatsi, wadda ake fitarwa tun a masussuka, wasu sun mayar da ita ganin dama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaranmu. Yaro ɗan shekara goma sha biyar na ganin malaminsa na firamare yana cin bashin garin kwaki kafin ƙarshen wata, yana kuma ganin sa'ansa ya ɗaure jarkoki ko buhuna a babur har ba a ganin mazauni, ya bi hanyar daji da dare ba fitila, ya dawo da abin da malamin ba ya samu a mako. Wane wa'azi zai zaunar da shi a aji? Wasu na haɗiyar ƙwaya don su jure hanya. Wasu ba su dawo ba. Uban da ke karɓar kuɗin cefane daga hannun irin wannan yaro bai tambayi inda suka fito ba, ya sani cewa ya sayar da gobensa da tuwon dare ɗaya. Jami'in da ke tsaye a shinge yana karɓar na goro ya ɗauke kai, shi ma yana koya wa yaron cewa doka kaya ce mai farashi.

Don haka, ya kai ɗan kasuwa, ka ci riba, halas ce, amma ka riƙe mudu ɗaya. Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan awo, ku riƙa zagayawa kuna gwada mudu kamar yadda magabatanku suka yi, wanda aka kama a hana shi rumfa. Ya kai Alhaji mai hali, ka biya ɗan ƙwadago a ranar da ya yi aiki, da kuɗin da za su sayi abincin yau, ba na bara ba, kuma idan ka ba da bashi ka karɓi abin da ka bayar. Manoma, ku haɗa kai ku yi ƙungiya da adashi, ku sayi taki tare, ku ajiye amfani tare, kada buƙatar rana ɗaya ta sa ku zubar da noman shekara. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ku karantar da babin ciniki da riba da ɓoye abinci kamar yadda kuke karantar da babin tsarki, ku faɗa ko da mai laifin ne ya gina masallacin. Iyayenmu hakimai da dagatai, ranku ya daɗe, ku tsaya a kan tara zakka da raba ta ga masu ita a kowace gunduma.

Ku kuma masu mulki, daga ƙaramar hukuma zuwa Birnin Kebbi zuwa Abuja, kun ce kuɗin da aka yi tsimi daga tallafi za su dawo wa talaka, kuma kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu ya ƙaru tun 2023. Muna so mu gan su a ajin firamare mai rufi da malami mai albashin da zai riƙe shi, a asibiti mai magani, a injin ban ruwa mai hasken rana da ya isa hannun ƙaramin manomi, a hanyar da za ta fitar da amfani daga fadama. Idan za ku buɗe ƙofar shigo da abinci, ku sanar da manomi kafin ya shuka. Ku sauƙaƙa cinikin halas a kan iyaka, da haraji bayyananne da rasit, domin duk inda aka tsananta hanyar gaskiya, hanyar daji ce ke cika.

Babu ɗayanmu da ke da ikon yanka farashin dala ko na fetur. Amma kowannenmu na da iko a kan mudunsa da bashinsa da ɗansa da maƙwabcinsa, kuma a kan waɗannan za a yi masa hisabi. Mu fara gyara daga nan, tun daga kasuwa mai zuwa. Allah ya yaye mana wannan ƙunci, ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, ya sa mu wadatu da halas. Amin.